An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Wa Ya Hana 'Ya'yan Talakawa Nonon Uwa?

Ranar Litinin 5 ga watan Fabrairu na shekarar 2024, matan Minna suka fito suka tare hanyar Bida daidai shataletalen Kpakungu, suna kukan tsadar abinci. Samari suka mara musu baya, motoci suka yi cirko-cirko, sai da 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa suka kama mutane sannan hanya ta buɗe. Bayan wata shida, albarkacin Makon Shayarwa na Duniya wanda ake yi daga 1 zuwa 7 ga Agusta kowace shekara, hukumomi suka tara mata masu goyo sama da 30,000 a jihohin ƙasar nan da Abuja, aka ce su ba jariransu nono lokaci guda don Nijeriya ta kafa tarihi. Manufar makon a wannan shekarar kuwa ita ce a cike giɓin da ke tsakanin iyaye mata, kowacce ta sami taimakon da take bukata wajen shayarwa.

Duk wanda ya ɗora tarukan nan biyu a sikeli zai ga irin matan da suka halarci na farko su ne aka gayyata na biyu. A na farko su suka yi magana, suka faɗi abin da ke damunsu, aka amsa musu da hayaƙi mai sa hawaye. A na biyu aka zaunar da su a rumfa, aka yi musu lacca, aka ɗauki hoto, aka watse. Haka mahukunta ke riƙe da maganar shayarwa shekara da shekaru: idan ƙidaya ta fito da mummunan labari, sai a ce matan karkara jahilai ne, matan Arewa sun ƙi barin al'ada, a buga takardun manne-manne, a sayi fili a gidan rediyo, a koma ofis a jira Agusta mai zuwa. Wannan shi ne barin jaki ana dukan taiki. Giɓin da ke tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka wajen shan nono giɓi ne na ungozoma, da ruwan sha, da hutu, da abinci, kuma kowane ɗaya daga cikinsu akwai wanda nauyinsa ke wuyansa.

ABIN DA ƘIDAYA TA NUNA

Babu mai koya wa Bahaushiya ko Banufiya ko Bagwariya ko Bafulatana ba ɗa nono. Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 97 cikin 100 na yaran Nijeriya sun sha nonon uwa, kuma matan karkara da na Arewa sun fi na birni da na Kudu daɗewa ba su yi yaye ba. Inda gizo ke saƙa shi ne watanni shida na farko. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara cewa jariri ya sha nono zalla, ba ruwa, ba koko, ba jiƙe-jiƙe, har ya cika wata shida, sa'an nan a haɗa masa da abinci ana ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu ko fiye. Kuma a sa shi a mama cikin sa'ar farko da haihuwarsa.

A 2008 kashi 13 ne kacal cikin 100 na jariran ƙasar nan 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. A 2013 aka kai 17, a 2018 aka kai 29, binciken da aka yi tsakanin 2023 da 2024 kuma ya tarar ana nan a 29 ɗin, ba gaba ba baya. Alhali kuwa tun 2012 ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka ɗauki alkawarin kaiwa kashi 50 kafin 2025. Daɗin daɗawa, ɗan abin da aka samu ma ba a raba shi daidai ba: nono zalla ya fi yawa a gidajen masu ilmin boko da masu abin hannu da waɗanda suka haihu a asibiti. Watau dai matar da ta fi kowa daɗewa tana shayarwa, ita ce kuma ɗanta ya fi saurin kurɓar ruwan rijiya.

Wannan fa magana ce ta rai da mutuwa. A 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa da shayarwa za ta game duniya yadda ya kamata, da an tsirar da yara 823,000 'yan ƙasa da shekara biyar kowace shekara, da mata 20,000 daga mutuwar sankarar mama. Kuma nono na iya kawar da kusan rabin gudawar yara da sulusin cututtukan numfashi. Binciken 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa da rai a Arewa maso Yamma, 187 ba sa ganin shekara biyar, a Kudu maso Yamma kuwa 62 ne. Tsumburewa ta kama kashi 57 cikin 100 na yaran Arewa maso Yamma, ta kama 18 a Kudu maso Gabas. Ba nono kaɗai ya haifar da wannan rata ba, akwai zazzaɓin sauro da ƙarancin rigakafi da sauransu, amma a cikin magungunanta duka babu wanda ya kai nono araha, babu kuma wanda ya kai shi kusa da hannu.

SA'AR FARKO

Jihar Neja, wadda aka yanke daga Jihar Arewa maso Yamma a 1976 zamanin Janar Murtala Muhammed, ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, wajen murabba'in kilomita 76,000, da ƙananan hukumomi 25. Mazauniyar Tunga ko Bosso, idan naƙuda ta kama ta, tana da Babban Asibitin Minna, da asibitin mata da jarirai na Jummai Babangida Aliyu, da asibitin ƙwararru na IBB. Idan ta dace da ungozomar da aka horar, za a ɗora mata jaririn a ƙirji tun bai huce ba, a nuna mata yadda zai kama mama, a faɗa mata kada ta zubar da dakashi. To, wa zai yi wa matar ƙauyen Mariga haka, ko ta Mashegu, ko ta Rijau, ko ta Agwara can hayin tafkin Kainji?

A 2018 kashi 39 ne cikin 100 na haihuwar da aka yi a ƙasar nan aka yi ta a asibiti. A Arewa maso Yamma kashi 16, a Kudu maso Gabas kashi 82. Wadda ta haihu a ɗaki kuwa tana hannun tsofaffi, su kuma abin da suka gada shi suke yi. A garuruwa da dama ana ɗaukar dakashi, watau nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa, a matsayin ƙazanta, a tatse shi a zubar. Wasu ma sai sun jefa tururuwa a cikin nonon da aka tatsa, in ta mutu a ce nonon mugu ne. Kafin a yarda da shi, jariri ya kwana biyu ko uku ana ɗura masa ruwan ɗumi ko madarar shanu ko zuma. Binciken ya tarar kusan rabin jariran Nijeriya an ba su wani abu daban cikin kwana uku na farko. Ga shi kuwa dakashin nan shi ne rigakafin farko, cike yake da garkuwar da jikin uwa ya tanadar wa ɗanta, kuma ɗan kaɗan ɗin da ke fita ya ishi cikin jariri sabon haihuwa. Zuma kuwa likitoci sun hana a ba yaron da bai shekara ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jiki.

Tsohuwar da ta zubar da dakashi ba ƙiyayya take yi wa jikanta ba. Babu wanda ya taɓa zuwa ƙauyenta ya zauna a tabarmarta ya yi mata bayani da harshen da take ji. Laifin yana kan waɗanda suka karɓi baƙuncin shugabannin Afirka a Abuja a 2001, aka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, har yau Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Yana kan waɗanda ke gina ɗakin shan magani a yanke ƙyalle a buga tambari, a bar shi ba ma'aikaciya, ba fitila, ba mai kwana.

RUWA

Akwai hujjar da iyaye ke kawowa wadda ba ta cancanci raini ba. Duk wanda ya san zafin Minna a watan Maris da Afrilu, lokacin da duwatsun gari ke huci kamar tanda, zai ce ai zalunci ne babba ya sha randa guda a hana jariri ko cokali. Amsar ita ce nonon uwa kansa wajen kashi 87 cikin 100 ruwa ne, kuma an gwada a ƙasashe masu zafi an tabbatar cewa jaririn da ake ba mama duk lokacin da ya nema ba ya bukatar ƙarin ruwa. Ruwan da aka ba shi yana cika masa ɗan cikinsa ya rage tsotso, raguwar tsotso kuma ita ke rage zuwan nono, daga nan sai a ce uwar ba ta da nono, a dama koko tun yaro yana wata biyu.

Sa'an nan wane irin ruwa ne ake ba shi? Jihar da ke riƙe da madatsar Kainji tun 1968, da ta Shiroro tun 1990, ga Jebba ga Zungeru, jihar da ke haskaka Ikko da Badun, ita ce mazauna unguwanni da yawa na babban birninta ke dogara da rijiya da 'yan ga-ruwa, balle a je ga ƙauyukan da mutane da dabbobi ke shan rafi ɗaya. Idan matar babban ma'aikaci ta ba ɗanta cokalin ruwa, dafaffe ne ko na kwalba. Idan matar Kpakungu ko Barikin Sale ta ba nata, na jarkar da ba a san inda aka ɗebo shi ba ne. Kuskuren iri ɗaya ne, amma ɗan talaka ne ke biyan diyyarsa da gudawa da amai da tamowa. A 2019 an ƙaddamar da gangamin hana ba jarirai ruwa a ƙasa baki ɗaya, kuma abin a yaba ne. Sai dai gangamin da zai kai Maitumbi ta rediyo bai kai ba tukuna, sai ya shiga ɗakin uwar miji da ungozomar gargajiya da wanzami.

WA ZAI BIYA KUƊIN ZAMA?

Masu jawabi na son cewa nono kyauta ne. Nonon kam kyauta ne, amma jariri sabon haihuwa yana neman mama sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, wannan kuwa yana nufin uwa ta kasance kusa da shi wata shida cur. Wa zai ɗauke mata aikin da take ci da shi?

Al'adar Hausa ta san wannan tun kafin zuwan Bature, shi ya sa ta ware wa maijego kwana arba'in, ta kuma tura mai haihuwar fari gidan iyayenta goyon ciki. Akwai abin gyara a ciki, don tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka nuna alaƙar tsananin wankan jego da yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego, amma hutun kansa hikima ce. Dokar Ƙwadago da aka gada tun mulkin Janar Yakubu Gowon ba ta wuce kakanni da komai ba: mako shida kafin haihuwa, mako shida bayanta, da rabin albashi ga wadda ta yi wata shida a bakin aiki, sai rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa. Mako shida kwana 42 ke nan, wata shida kuwa kwana 180. Sauran kwana 138 ɗin a aljihun wa za a same su?

An ɗan motsa. Jihar Ikko ta ba ma'aikatanta mata hutun wata shida a 2014, Gwamnatin Tarayya ta sanar da wata huɗu a 2018, Kaduna ta ba da wata shida a 2019, wasu jihohi suka bi sahu. Madalla. To amma hutun nan na masu lambar albashi ne, alhali Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba su da takardar ɗaukar aiki, balle hutu. Bagwariyar da ke saɓo itace ko doya a kafaɗa daga bayan Maikunkele zuwa gari, da mai kasa tumatir a Kasuwar Kure, da Bafulatanar da ke tallar nono, da 'yar aikin da ke wanke-wanke a gidan ita ma'aikaciyar da aka ba hutun, duk ranar da ba su fita ba ranar ba a ɗora tukunya. Su ne ke barin jariri a hannun yarinya 'yar shekara bakwai da kofin koko. Ashe ke nan duk wata ƙarin hutu da aka yi wa ma'aikaciyar sakatariya aka manta da 'yar kasuwa, ƙara faɗin giɓin aka yi.

Ga kuma yunwa. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar Naira, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a 2024. Gaskiya ne jikin mace yana ci gaba da yin nono mai kyau ko da abincinta ya ragu, amma daga jikinta yake zara, ita ke ramewa, ita ke rasa jini, kuma macen da ta kwana da yunwa ita ce ta fi saurin yarda cewa nononta bai isa ba. Abin da matan Kpakungu suka fito faɗa ke nan.

DOKAR 'YAN MINNA BIYU

Idan ruwa da koko su ne tarkon karkara, gwangwani shi ne tarkon birni. Tun 1939 Dokta Cicely Williams, likitar da ta yi aiki a Ankara ta ƙasar Gana ta kuma bayyana wa duniya cutar kwashoko, ta tsaya a Singafo ta kira tallar madarar gwangwani ga matalauta da sunan kisan kai. A 1974 wata ƙungiyar agaji ta Ingila mai suna War on Want ta fallasa yadda ake tallar, a 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé a Amurka, a watan Mayu na 1981 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙa'idar sayar da madarar jarirai, ƙasashe 118 suka amince, Amurka kaɗai ta ƙi. Ƙa'idar ta hana tallar madarar ga jama'a, ta hana raba ta kyauta ga iyaye mata, ta hana tallata ta a asibiti, ta hana yi wa ma'aikatan lafiya ihsani don su yabe ta.

A nan Minna na da abin alfahari, tana kuma da abin kunya in ta yi sake. Dokar soja mai lamba 41 ta 1990, wadda ta shigo da wannan ƙa'ida cikin dokokin Nijeriya, an kafa ta ne zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da likitan yara Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya. Gyaran da aka yi mata da doka mai lamba 22 ta 1999 kuwa zamanin Janar Abdulsalami Abubakar ne. Dukansu biyu 'yan Minna ne. Hukumar NAFDAC ce ke da alhakin tsare dokar, ta kuma sabunta ƙa'idojinta a 2019. Duk da haka, rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022, bayan sun tambayi iyaye da masu ciki 8,500 da ma'aikatan lafiya 300 a ƙasashe takwas har da Nijeriya, ya nuna masana'antar nan mai jarin dala biliyan 55 ba ta daina ba, hanya kawai ta sake: ta wayar hannu, ta intanet, ta bakin ma'aikatan lafiya.

Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Jaririn da aka ɗora kan madara yana shanye wajen kilo 20 cikin wata shida, watau gwangwani 50 masu giram 400. Ya tambayi kuɗin guda a kanti, ya ninka sau 50, ya auna da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024. Ya ƙara da gawayi ko gas na tafasa ruwa da bulumboti kowane shayi. Abin da ke faruwa a gidan talaka sananne ne: gwangwanin kwana huɗu sai a tsinka shi ya yi kwana goma, a dama da ruwan da bai tafasa ba, kafin a farga nonon uwa ya janye, yaro ya rasa tudun dafawa. Ba a musun cewa akwai maraya, akwai uwar da ciwo ya kwantar, akwai jaririn da likita ya rubuta wa madara. Ga irin waɗannan madara magani ce, kuma babu mai ikon zargin uwar da lalura ta kai ta can. Abin Allah wadai shi ne a mai da magani ado, a sayar wa matalauci da shi a matsayin alamar wayewa.

Waɗanda suka fi kowa shiga wannan haɗari su ne 'yan gudun hijira. A watan Afrilu na 2021 mutanen ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da 'yan bindiga suka kora suka cika makarantar firamare ta IBB a Minna, wasu suka yi sansani a Kuta da Gwada. A irin wannan wuri, inda mutum ɗari ke layin rijiya ɗaya, mai taimakon da ya sauke katan-katan na madarar jarirai yana iya jawo mutuwar da ya zo hanawa. Taimakon da ya dace shi ne a ciyar da uwar, a keɓe mata inuwa da sutura, a sa ma'aikaciyar da za ta kwantar mata da hankali, don firgici yana tsai da zubar nono na ɗan lokaci amma ba ya ƙafar da shi.

RABON MAZAUNA KURMI

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, da Sabon Badun da na Shagamu, da Ama Hausa ta Owerri da Fatakwal, suna da nasu kason a wannan magana, kuma iri biyu ne.

Na farko su ne waɗanda suka bar iyali a gida. Magidanci yana Ikko yana dako ko gadi ko cinikin shanu, aka yi masa waya an haihu, sai ya aika da kuɗin rago da turamen zane, idan ya tashi zuwa suna kuma ya riƙo gwangwani biyu da bulumboti tsaraba, don a san ɗan birni ne ya zo. Da ya san abin da ke cikin tsarabar nan da ya bar ta a kanti. Kuɗin gwangwani biyu, da wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da hanta aka saya wa maijego, ko aka biya wadda za ta ɗebo mata ruwa ta yi mata surfe, da yaron ya fi cin moriyarsu. Ayar nan ta 233 a Suratul Baƙara da kowa ke ambata kan shayarwar shekara biyu, ita ce dai ta ɗora wa uban yaro ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Ba daidai ba ne a riƙe rabin aya a saki rabi. Kuma shi ɗin nan ne kaɗai ke iya kiran mahaifiyarsa cikin ladabi ya ce, “Inna, don Allah a bar masa dakashin, kada a ba shi ruwa sai ya yi wata shida.” Surukar ba ta da bakin faɗar haka, amma ɗa yana da shi.

Na biyu su ne waɗanda suka taho da iyali. Yarinya ta haihu a ɗaki ɗaya a gidan haya, uwarta na can Kontagora ko Bida, babu goyon ciki, babu gwaggo, ma'aikaciyar asibiti tana magana da harshen da ba ta ji sosai, mai kemis na bakin layi kuwa gwangwani na kan kantarsa. Dare biyu yaro ya yi kuka, sai a yanke hukuncin nono bai isa ba. A nan ne sarakunan Hausawa da limaman unguwanni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ya kamata su nuna amfaninsu. Jama'ar da ke iya tara kuɗin kai gawa gida cikin yini ɗaya ba za ta kāsa samar da dattijuwa biyu ko uku a kowace unguwa ba, waɗanda asibitin yankin zai horar, su riƙa zagaya masu jego suna yi musu tafinta suna nuna musu riƙon yaro.

ABIN DA AKE BUKATA

Gwamnatin Neja ba za ta ce ba ta ga kuɗi ba, don tana cikin jihohi 12 da aka sa a shirin inganta abincin yara na Bankin Duniya wanda aka amince da shi a 2018, ga kuma asusun lafiya matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa. Abin da jama'a ke da haƙƙin nema a fili yake. A sa ungozoma mai kwana a ɗakin shan magani na kowace gunduma, a fara da mafi nisa daga Minna. A horar da ungozomomin gargajiya kan dakashi da sa'ar farko, da Hausa da Nufanci da Gwaranci da Fulatanci da Kambarci, tunda su ke karɓar haihuwar da ba ta kai asibiti ba. A ware tallafin kuɗi ko na hatsi na wata shida ga maijegon da ba ta da albashi, a biya shi a wurin awon yara. A gina rumfar shayarwa da renon jarirai a Kasuwar Kure da sauran manyan kasuwanni da kuɗin harajin da ake karɓa a hannun matan nan kullum. A kai famfo unguwannin talakawa. NAFDAC ta riƙa shiga kantuna da asibitocin kuɗi, ta bayyana sunan wanda ta kama da hukuncin da aka yi masa. Kuma a riƙa buga ƙidayar shayarwa ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, don adadin jiha guda yana ɓoye Mariga a bayan Chanchaga.

Mazauna Kurmi sun ga yadda abin yake a inda suke zaune, sun san yadda yake a inda suka fito, kuma wasunsu a gida suke jefa ƙuri'a. Duk ɗan takarar da ya biyo su Agege ko Sabo neman goyon baya, su tambaye shi ungozoma nawa ke kwana a gundumarsu, da abin da ya tanadar wa maijegon da ba ta da albashi. Idan Agusta ta zagayo aka sake kafa rumfuna a Minna, su aika gida a tambayo musu wanne aka yi cikin abubuwan nan, wanne kuma aka bari. Allah ya raya abin da aka haifa, ya ba masu jego lafiyar shayarwa.